Dalma ta fita, roba ta ƙone: amsoshin tambayoyinku kan maganin ƙunar PVC

Yawancin wasiƙun da suka shigo wannan fili a watan nan daga masu sana'ar roba suke, kuma kusan duk a kan abu guda: sinadarin da ake zuba wa PVC, robar da ake yin bututun ruwa da ita, don kada wuta ta cinye ta a cikin inji. 'Yan kamfani na ce masa sitabilaiza, mu a nan za mu kira shi maganin ƙuna. Duk inda muka ce kilo kaza, a kan kowane kilo 100 na garin PVC muke nufi, sai inda muka faɗi wani ma'aunin daban. Zafi kuma da ma'aunin Salshiyas ne.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina sayar da bututun ruwa da kayan famfo. Wani dillali ya kawo mini bututu mai ɗan tsada, ya ce wai babu dalma a cikinsa. Shin da ma akwai dalma a roba? Me take yi a ciki?
Daga wani ɗan kasuwa, Kano

AMSA: Wa alaikumus salam, Alhaji. Akwai ta, kuma ta daɗe a ciki. Dalilin shi ne PVC roba ce mai wuyar sha'ani. Kusan kashi 57 cikin 100 na nauyinta kulorin ne. Da zafi ya haura digiri 100 da ɗan wani abu, sai kulorin ɗin ya fara ɓallewa, yana fita a matsayin iskar asid mai shaƙe hanci, wadda ake rubutawa HCl. Ga shi kuma ba ta narkewa ta sarrafu sai tsakanin digiri 160 da 200. Wato kafin ta yi laushin da za a matso ta a yi bututu, ta riga ta fara lalacewa. Abin da ya ƙara dagula lamarin, asid ɗin da ya fita shi ke zuga sauran kulorin ya biyo shi, ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda ɗinki ke warwarewa idan aka ja zare. Ido na ganin alamar a launi: fari ya koma ruwan ƙwai, ya koma ja-ja, ya koma ƙasa-ƙasa, daga nan sai baƙi.

Aikin maganin ƙuna biyu ne: ya kama asid ɗin kafin ya yi ɓarna, ya kuma toshe wuraren da zaren ke fara warwarewa. Gishirin dalma, musamman wanda ake rubuta TBLS a jikin buhunsa, ya iya wannan aiki, ga araha, ga haƙuri da kuskuren mai inji. Gaskiya idan don aiki kawai ne, da babu wanda zai rabu da ita.

Guba ce ta raba su. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jini da za a ce ba ya cutarwa, kuma ƙwaƙwalwar yara ce ta fi jin jiki. Mutanen Arewa ba sa buƙatar dogon bayani a kan wannan, tun bayan gubar dalmar da ta kashe yara a ƙauyukan Zamfara a 2010, duk da cewa waccan daga dutsen zinare ta fito. A sana'ar roba, wanda ya fi shiga haɗari shi ne yaron da ke farke buhu yana juye hoda a injin gauraya, sai mai niƙa tsohuwar roba, sai unguwar da ake ƙona shara. Sabon bututu ma yakan saki 'yar kaɗan daga fatarsa ta ciki a ruwan farko-farko. Kamfanonin Tarayyar Turai sun daina kadmiyam a 2001, suka gama barin dalma a ƙarshen 2015, kuma tun 29 ga Nuwamba 2024 doka ta hana sayar da kayan PVC da dalmarsu ta kai kashi 0.1 cikin 100 a can, ban da wasu kayan da aka yi da tsohuwar roba da aka ɗaga wa ƙafa na ɗan lokaci. Indiya ma ta fitar da ƙa'idarta kan bututu a 2021. Ka nemi dillalin ya nuna maka takardar gwaji, domin ido ba ya bambanta bututun biyu.

TAMBAYA: Mun bar dalma mun koma haɗin kalsiyam da tutiya, kilo-da-kilo yadda muke zubawa da. Bututun ya fito fari tas, har ya fi na da kyau. Amma da inji ya ɗan tsaya na mintuna, sai roba ta fito baƙi ƙirin nan take, babu ko gargaɗi. Mene ne laifinmu?
Daga mai kula da inji, Sharaɗa

AMSA: Malam, abin da ka gani shi ake kira ƙunar tutiya, kuma duk wanda ya yi wannan sauyi ba shiri sai ya haɗu da ita. Ka fahimci rabon aikin da ke cikin buhun, za ka gane inda gizo ke saƙar.

Sabulun tutiya, wato zinki sitiyaret, shi ne mai zafin nama. Yana zuwa daidai inda kulorin ya yi sako-sako, ya cire shi, ya dasa nasa reshen a gurbin. Shi ya sa bututunka ya fito fari. Amma a garin wannan aiki sai ya rikiɗe ya zama gishirin tutiya mai kulorin, ZnCl2, wanda shi kuma babban mai zuga ƙuna ne, ya fi asid ɗin kansa ɓarna. A nan sabulun kalsiyam ke shigowa: yana karɓe kulorin daga hannun tutiya, ya mayar da ita sabulu ta ci gaba da aiki, shi kuma ya zama CaCl2 wanda ba ya zuga komai. Muddin akwai sauran kalsiyam, lafiya lau. Ranar da ya ƙare, gishirin tutiya ya taru, sai baƙi a cikin minti ɗaya ko biyu. Dalma takan dusashe sannu a hankali, mai inji ya gani ya gyara. Tutiya ba ta sallama.

Saboda haka kalsiyam da tutiya su kaɗai ba su isa ba, sai da 'yan rakiya. Idan kai kake haɗa naka, ga inda za ka fara don bututu a inji mai sukuru biyu: sabulun kalsiyam kilo 0.6 zuwa 1, sabulun tutiya 0.3 zuwa 0.5, haidirotalsait ko ziyolait 0.5 zuwa 1, fentaritiritol 0.1 zuwa 0.3, DBM ko SBM 0.05 zuwa 0.15, sai maganin tsufa irin 1010 ko 1076 kamar 0.05 zuwa 0.1. Wannan mafari ne, injinka da allin da kake zubawa a haɗin don ƙara auki ne za su yanke hukunci.

Kowanne da dalilinsa. Haidirotalsait hoda ce ta maginiziyam da alminiyam mai hawa-hawa kamar shafukan littafi. Tana haɗiye kulorin ta kulle shi tsakanin shafukan, ita ce ke ba ka tsawon lokaci kafin baƙi. Ziyolait ma soso ce ta asid, ta fi araha, amma ta fi shan danshi. Fentaritiritol yana rungume gishirin tutiya ya hana shi motsi, sai dai ba ya narkewa sai wajen digiri 260, don haka idan ba mai laushi sosai ka saya ba, zai fito maka da fararen ɗigo-ɗigo a jikin bututu. DBM da SBM su ne masu gyara launin farko, kaɗan suke buƙata saboda tsada, kuma suna da wata ɗabi'a: idan allinka na da ƙarfe a ciki, ko injin gaurayarka na da tsatsa, sai su haɗu da ƙarfen su ba ka launin ja-ja. Mutane da yawa sukan zargi maganin, alhali allin ne.

Kuskuren da aka fi yi shi ne, da an ga launi ya ɗan yi rawaya sai a ƙara tutiya. Launin zai gyaru, amma ka gajarce lokacin da ke tsakaninka da baƙi. Idan baƙi ne matsalarka, rage tutiya, ƙara haidirotalsait da kalsiyam. Idan rawaya ce tun farko, DBM za ka taɓa.

Wanda ba shi da ɗakin gwaji, shawararmu ya sayi haɗaɗɗen buhu da aka riga aka auna, ya zuba kilo 2.5 zuwa 3.5 don bututu, 3.5 zuwa 4.5 don firam ɗin taga da silin. Amma ka gaya wa mai sayarwa irin injinka, da yawan allin da kake zubawa, da abin da kake yi. Buhun da aka haɗa don bututun magudana ba zai yi wa gwiwa da tee da ake zubawa a injin allura ba, domin can roba na shan gurza mai tsanani a ƙaramar kafa, kuma garin ma daban ne: lambar K, wadda ke nuna tsawon zaren PVC, 65 zuwa 68 ce na bututu, K 57 zuwa 60 na gwiwa.

Sannan ka duba zafin narkakkiyar robar kanta da ma'aunin tsirawa a bakin inji, kada ka dogara da lambar da ke kan allo. Ya zauna tsakanin 185 da 195. Ƙa'idar da ake aiki da ita ita ce ƙarin digiri 10 yakan kusan ninka saurin lalacewa.

TAMBAYA: Tun da muka sauya, wani farin datti mai maiƙo ke taruwa a bakin inji da cikin hannun sanyaya, yana ja wa bututu layi. Wani lokaci kuma idan muka yanka bututun sai mu ga ƙananan ramuka a cikin naman.
Daga injiniyan wani kamfanin bututu, Kaduna

AMSA: Injiniya, matsaloli biyu ne ka haɗa, kuma ba uwa ɗaya ta haife su ba.

Dattin daga santsi yake. Tsohon buhun dalma ba maganin ƙuna kawai ba ne, sabulun dalma da ke ciki shi ke sa roba ta zame a jikin ƙarfe. Da ka cire shi ka cire rabin man injinka. Sabon buhu na zuwa da nasa kakin, idan kuma ka bar tsohon adadin sitiyarik asid da kakin farafin da kake ƙarawa da hannu, santsi ya yi yawa, abin da roba ta kasa riƙewa sai ya tsatso ya kwaso alli da farar hodar taitaniyam ya shafe a jikin ƙarfe. Fara da cire sitiyarik asid gaba ɗaya. Rage kakin waje, wato mai sa roba ta zame a jikin ƙarfe, da gram 100 a kowane gwaji, kana kallon allurar amfiya ta babbar motar lantarkin inji. Idan amfiya ta faɗi ƙasa sosai, kuma a kafar iska kana ganin gari maimakon roba mai kama da dunƙulen cuku, to santsi ya yi yawa, roba ba ta nuna ba. Gram 100 zuwa 150 na kakin PE mai iskar oksijin, wanda ake rubuta OPE, zai taimaka ta nuna da wuri. Idan amfiya ta hau, zafi ya tashi, layin rawaya ya bayyana daidai inda ƙarafan da ke riƙe tsakiyar bakin inji, waɗanda ake kira ƙafafun gizo-gizo, suke raba roba, santsin waje ya yi kaɗan. Abu ɗaya za ka sauya a lokaci guda, ka jira kamar rabin awa kafin ka yanke hukunci, ka kuma rubuta.

Ramukan kuwa danshi ne. Ziyolait da haidirotalsait da alli duk suna shan ruwa daga iska, abin ya fi muni da damina. Buhun da aka buɗe a ɗaure bakinsa, a ɗora kan katako, nesa da bango. A injin gauraya mai zafi, ka zuba garin PVC da maganin ƙuna tun farko, kaki idan an kai wajen digiri 80, alli wajen 90, taitaniyam a ƙarshe wajen 100 domin tana cin fikafikan inji ta dusar da fari. Kada ka sauke sai an kai 115 zuwa 120. Masu saukewa a 100 don gaggawa su ne ke barin ruwa a ciki. Injin sanyaya ya sauko da shi zuwa 40 ko 45 kafin a zuba a buhu, domin gari mai zafi da aka tara yana ci gaba da cinye maganinsa a tsakiyar tulin, ya kuma dunƙule. A bar shi ya kwana. A kan inji kuma, famfon zuƙar iska ya riƙe akalla 0.6 zuwa 0.8 ƙasa da sifiri a ma'aunin matsi na bar. Ka buɗe matatarsa, sau da yawa a toshe take da gari.

TAMBAYA: Ita tutiya ba ƙarfe mai nauyi ba ce? Kuma ina matsayin kuza?
Daga wata ɗalibar kimiyyar sinadarai, Zariya

AMSA: Kin yi gaskiya, Malama. Idan da ma'aunin nauyi za a bi, tutiya na da gram 7.1 a kowane santimita kubik, wasu jadawalai na lissafa ta cikin ƙarafa masu nauyi. A bakin 'yan kasuwa, idan aka ce magani ba shi da ƙarfe mai nauyi, ana nufin babu dalma, babu kadmiyam, wasu su ƙara da bariyam da kuza. Bambancin da ke da muhimmanci shi ne jikin ɗan Adam na buƙatar tutiya da kalsiyam, ba ya buƙatar dalma ko kaɗan. Kuza kuwa ita Amurka ta fi dogara da ita a bututu, tana da ƙarfi ƙwarai, ƙasa da kilo 1 ya isa, kuma har yanzu ita ce sarauniya a roba mai garau kamar gilashi. Amma Turai ta taƙaita wasu nau'o'inta tun 2012. Wanda ke son rabuwa da tutiya da kuza baki ɗaya, akwai magani na zallar sinadaran kabon, wanda aka gina kan yurasil, ana ce masa OBS. Ba shi da ƙunar farat ɗaya, sai dai tsada da wuyar samu.

TAMBAYA: Ƙaramin kamfani ne da mu, ba mu da na'urorin gwaji. Ta yaya zan gwada buhu biyu kafin in sayi tan guda?
Daga wani mai kamfani, Maraɗi

AMSA: Alhaji, tanda mai riƙe zafi daidai, wadda ba a dafa abinci a cikinta, ta isa ka fara. Ka yi haɗi biyu iri ɗaya sak, maganin kawai ya bambanta. Ka samu falle mai kaurin milimita 1 daga kowanne, ka yanka gutsure goma-goma kamar girman kan sarki. Jera su a kan takardar alminiyam ko gilashi. Kada ka kuskura ka ɗora a kan faranti na kwanon rufi, domin tutiya aka shafa masa, zai ƙona maka su ya ba ka amsar ƙarya. Sa tanda a 190, kana cire gutsure ɗaya daga kowane layi duk minti 10, kana manna su bi da bi a farin kwali. Bayan awa ɗaya da rabi kwalin zai gaya maka abubuwa biyu: wane ne ya fi fari a minti 10 da 20 na farko, wane ne kuma ya fi daɗewa kafin baƙi. Sau da yawa ba buhu ɗaya ke cin duka biyun ba. Ga mai fama da ɗauke wuta, wanda ya fi daɗewa kafin baƙi ya fi amfani.

Gwaji na biyu shi ne na takardar Kongo ja, wanda ma'aunin ISO 182-1 ya tsara. A yayyanka roba ƙanana a zuba a kwalbar gwaji, a rataya takardar kamar santimita 2 da rabi sama da ita, a tsoma a mai mai zafin digiri 200, a duba agogo. Da asid ya fara fita takardar za ta juya daga ja zuwa shuɗi. Mintunan da aka ɗauka su ne sakamakon. Wani abin lura: haɗin dalma yakan ba da mintuna masu yawa a wannan gwaji fiye da na kalsiyam da tutiya, ko da dukansu na tafiya lafiya a inji. Ka kwatanta buhun kalsiyam da ɗan'uwansa.

Duk waɗannan gwaje-gwajen roba a zaune take, ba a gurza ta, don haka ba su maye gurbin awa biyu a kan inji. Bayan nan ka gwada ko bututun ya nuna: fiƙe bakinsa, tsoma a asiton marar ruwa na minti 20. Idan ya yi ɓawo ko ya farfashe, bai nuna ba, kuma zai fashe a ƙasa ko da launinsa ya fi madara.

TAMBAYA: Idan aka ɗauke wuta roba na cikin inji, me ya kamata mu yi? Da dalma mukan jira kawai.
Daga shugaban ma'aikatan dare, Bompai

AMSA: Wannan jiran ne dole a daina. Ƙarfen inji na riƙe zafi, robar da ke ciki na ci gaba da cin maganinta ko da sukuru a tsaye yake. Idan janareto ya karɓa cikin mintuna biyar ko makamancin haka, tabbatar zafi bai sauka ba, ka tayar da sukuru a mafi ƙarancin gudu, ka tura abin da ya zauna ya fita har launi ya dawo. Idan abin zai daɗe, kashe makunnan hita domin kada wuta ta dawo ta same su a kunne ba kowa, a kwance bakin inji tun da zafinsa, a ɓamɓare robar da abin kankara na tagulla. Ƙarfe na yi wa cikin baki zane, kuma kowane zane maƙalewa ce ta gobe. A buɗe tagogi. Warin da ke yi wa ido yaji asid ne, shi ne kuma ke cin kurom ɗin sukuru. Kada a taɓa tayar da sukuru a kan roba da ta daskare, nan ake karya shi ko a fasa giya.

Ka ajiye buhu biyu na garin wanki kusa da kowane inji: PVC 100, maganin ƙuna 6 zuwa 8, alli 30 zuwa 50, kaki 2 zuwa 3. Ba ya nuna sosai, ba ya ƙonewa da wuri. Da shi ake rufe inji a ƙarshen aiki, da shi ake kore abin da ya kwana. Shi ma a haɗa shi da marar dalma, in ba haka ba kowace safiya kana mayar da dalma cikin kayanka.

TAMBAYA: Muna haɗa niƙaƙƙiyar tsohuwar roba da sabuwa. Wani lokaci kaya na fitowa toka-toka ko da zane baƙi, alhali zafi bai yi yawa ba.
Daga mai yin bututun waya, Kano

AMSA: Wataƙila ba ƙuna ba ce, haɗuwar dalma da farar wuta ce. Tsohon bututu na ɗauke da dalma, tsohuwar roba mai garau irin ta kwalin magani na ɗauke da kuza mai farar wuta a jikinta. Idan suka haɗu a inji sai su haifi PbS, wanda baƙi ne. Shuɗin bula da wasu ke ɗigawa don fari ya ƙara haske shi ma yana da farar wuta. Ka raba su tun wajen tsinta. Kalsiyam da tutiya ba sa wannan faɗa da kowannensu.

Don gane mai dalma, goge wuri da ɗan sinadarin narkar da PVC, irin na gam ɗin bututu, ka ɗiga ruwan sodiyam salfaid. Idan ya yi duhu akwai dalma. Wanda ke buƙatar lamba sai ya nemi na'urar XRF ta hannu, mai auna yawan ƙarfe a jikin kaya. Lissafin kuma ba shi da daɗi: idan tsohuwar robar na da dalma kashi 2 cikin 100, ka zuba kashi 10 kacal a haɗinka, kayanka na da 0.2, ninki biyu na iyakar Turai. Irin wannan niƙa a bar ta ga bututun waya da magudana, kada ta shiga na ruwan sha. Kuma tsohuwar roba ta riga ta cinye wani sashe na maganinta, a ƙara mata kamar kilo 1 a kan kowane 100 nata.

TAMBAYA: Takalman roba da tiyo muke yi, ɗan'uwana kuma rigar wayar lantarki. Mu ma haka abin yake?
Daga wani matashi, Challawa

AMSA: Naku ya fi sauƙi, domin roba mai laushi ana sarrafa ta a zafi ƙasa da na bututu. Kilo 2 zuwa 3 na haɗin kalsiyam da tutiya, tare da kilo 2 zuwa 5 na man waken soya da aka sarrafa, ESBO. Man yana kama asid, yana kuma ƙara laushi, sai ka rage man laushinka daidai gwargwado. Idan ya wuce kima yakan tsatso, takalmi ya yi danƙo ya kwashi ƙura. Masu bututu mai tauri kuwa su yi hankali da shi, yana sauke zafin da bututu ke jurewa.

Na ɗan'uwanka ya fi wuya. An so dalma a waya ne domin gishirinta ba ya narkewa a ruwa, lantarki ba ya bi ta cikinsa. CaCl2 kuwa mashayin ruwa ne, yana rage ƙarfin rigar. Don haka ya nemi buhun da aka haɗa musamman don waya, mai haidirotalsait da yawa: kilo 3 zuwa 5 ga wayar da aka yi ta jure digiri 70, har 8 ko fiye ga mai 90 da 105, tare da gasasshen farin yumɓu kilo 5 zuwa 10. Ya jiƙa waya a ruwan zafi ya auna juriyar rigar kafin ya fitar kasuwa.

TAMBAYA: Idan na ƙara maganin da yawa, bututun zai jure ruwan zafi da ranar Sakkwato?
Daga wani mai aikin famfo, Sakkwato

AMSA: A'a, Malam. Maganin na hana robar ruɓewa ne a cikin inji, ba ya hana ta laushi. Bututun PVC na fara saki wajen digiri 80, kuma ba a ba shi ruwan da ya wuce 60. Tun daga 25 ma matsin da yake ɗauka ke raguwa. Ruwan zafi sai bututun CPVC ko na PPR. Rana kuwa taitaniyam irin rutail ce maganinta, ko baƙin kabon. Bututun da aka yi don binnewa a binne shi, wanda ya fito sarari a shafa masa farin fenti na ruwa.

TAMBAYA: Mu ledar fiya wata da fasassun bokitai muke narkarwa. Kalsiyam da tutiya za su yi mana amfani?
Daga wata mai sana'ar sake sarrafa roba, Katsina

AMSA: Hajiya, kada ki ɓata kuɗinki. Leda PE ce, bokiti yawanci PP, babu kulorin a cikinsu. Abin da ke cin su iskar oksijin ce idan ta haɗu da zafi. PP takan tsinke, ta yi ruwa-ruwa a inji, kayan su yi saurin karyewa. PE kuma takan ƙulle, ki ga ƙuraje kamar idon kifi a jikin leda. Maganinsu shi ne maganin tsufa mai lamba 1010 da mai lamba 168 a haɗe, ɗaya da ɗaya ko ɗaya da biyu, jimilla kilo 1 zuwa 3 a tan guda, sai sabulun kalsiyam rabin kilo zuwa 1, shi ma a tan guda. Duk babu dalma a cikinsu. Adadin kaɗan ne ƙwarai, ba zai gauraye da shebur ba. Ki fara cuɗa shi da kilo 20 na niƙa, sannan ki juye a sauran, ko ki saye shi a ƙwaya.

Inda dalma da kadmiyam ke shigo miki shi ne ta launi: wasu hodojin rawaya da ja masu araha da su ake yi, ki tambayi mai sayarwa. Sai kuma gutsuren PVC da ke ɓuya a cikin kaya, wanda a zafin PP, digiri 220 zuwa sama, zai ƙone ya ɓata miki buhu guda da baƙin ɗigo. Ki zuba niƙar a randar ruwa: PE da PP na tasowa, PVC na nutsewa, duk da cewa PP mai alli da yawa ita ma takan nutse. Wanda kika yi shakka a kansa, ki gasa wayar jan ƙarfe har ta yi ja, ki dangwala a jikinsa, ki mayar cikin harshen wuta. Idan harshen ya yi kore, akwai kulorin.